Mai Makullin Tsohon Kurkuku

Duk baƙon da ya shigo babban birnin da yini ɗaya tak a hannunsa, wurare huɗu ake kai shi: tsohuwar gada, dandalin da aka fara ɗaga tuta, hasumiyar agogo, sai tsohon kurkuku da aka mayar gidan tarihi. Nan motar baƙi take tsayawa daga ƙarshe, wajen la'asar, kuma nan Baba Mai Makulli yake jiransu da hularsa a karkace.

Da ƙuruciya a maɗaba'a yake aiki, yana jera haruffan ƙarfe. Wata rana aka kawo wata takarda aka ce a buga, ya buga bai ma karanta ta har ƙarshe ba. Bayan mako guda aka zo aka tafi da shi, tawada ba ta gama fita daga yatsunsa ba. Shekara huɗu ya yi a ɗaki na tara na wannan kurkukun. Da gwamnatin wancan lokacin ta faɗi, aka saki kowa, aka ɓalle duk wani kwaɗo da sakata na gidan, aka bar makulli ɗaya, na ƙofar waje. Shi aka damƙa wa, don babu wanda ya san lungunan gidan kamarsa.

Shekara ashirin da biyu yana zagayawa da mutane. Minti arba'in ake ba shi, ya kuma san yadda zai raba su.

"Ku shigo, ku shigo," yakan ce. "Wannan masauki ne da ba a taɓa ce wa baƙo ɗakuna sun cika ba."

Sai a yi dariya. Idan sun kai ɗaki na tara dariyar takan ɗauke da kanta. Yakan nuna musu rubutun da fursunoni suka karta a bango da ƙusa, sunayen 'ya'ya da lissafin kwanaki, da wata 'yar taga can sama wadda hannu ba ya kaiwa.

A shekarar da ya cika sittin da biyar, wata Litinin da safe, ya iso ya tarar da mai walda a tsakar gidan, tartsatsi na tashi. Yana ɗora sabbin sakatu a ƙofofin ɗakunan.

"Sannu da aiki. Wa ya sa ka?"

"Daga sama aka ce, Baba. Wai don baƙi su ga yadda abin yake a da."

Baba ya sa hannu ya ja sakata ɗaya. Ta shige sumul, an ma sa mata mai. Ya daɗe a tsaye yana kallon ta. Abin nuni, a ganinsa, ba ya bukatar mai.

Ya nufi ofishin shugabar gidan, wata mata mai gilashi da suka yi shekara goma suna aiki tare. Ba ta ɗago daga takardun gabanta ba.

"Gyara ne kawai, Baba. Kada ka sa wa ranka komai."

"Ranki ya daɗe, gyaran ne har da fitilu a kan katanga?"

Sai ta tashi ta rufe taga, duk da zafin da ake yi.

A gida ya faɗa wa matarsa. Ita ce ta yi shekara huɗun nan tana kai masa abinci a kwano, ranar da aka karɓa da ranar da aka kore ta. Tana ninke wanki ta ce, "Malam, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ƙila dai gyaran ne."

"Ƙila."

"To ci abincinka."

Amma ita ma ba ta ci nata ba.

Mako biyu bayan haka aka yi wa ɗakunan farin fenti. Rubutun bango duk ya tafi. A ranar, Baba ya shiga ɗaki na tara da baƙi goma sha biyu, ya ɗaga hannu zai nuna, ya rasa abin nunawa. Sai ya karanto musu sunayen da ka, ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa inda kowanne yake. Wata baƙuwa ta tambaya me ya sa aka shafe. Ya ce, "Damina ce ta ɓata bangon." Ƙarya ta farko ke nan da ya yi a cikin gidan tun da aka sake shi.

A cikin baƙin akwai wani mutum mai takalmi baƙi mai sheƙi, wanda bai zo a motar ba, bai kuma ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da sauran suka fita ya tsaya.

"Baba, ɗakin nan mutum nawa yake ci?"

"An gina shi don shida. Mu ashirin da uku muka kwana."

"Ya yiwu?"

"In aka kwanta gefe ɗaya, kan wannan wajen ƙafar wancan."

Mutumin ya ciro ƙaramin littafi ya rubuta. Sai a lokacin Baba ya farga. Amsar da ya yi shekara ashirin da biyu yana bayarwa don mutane su girgiza kai, yau an karɓe ta a matsayin awo.

Ba a cika wata ba aka kafa allo a ƙofa: an rufe har sai an gama gyara. Aka kwashe littafin da baƙi suke sa hannu, aka mayar da shugabar gidan wata ma'aikata. Mai baƙin takalmi ya dawo, wannan karon da mota da direba, ya karɓi makullin da kansa.

"Muna bukatar wanda ya san gidan," ya ce. "Aiki ne mai sauƙi, akwai kaki."

"Yallaɓai, idona ya mutu, gwiwa ma ta ƙi."

Mutumin ya yi murmushi. "To, Allah ya ƙara sauƙi. Ai mun san gidanka, in mun bukace ka."

Yanzu Baba a bakin tsohuwar gada yake zama. Direbobin motar baƙi sun san shi, sukan ɗauke shi ya yi bayanin gada da dandali da hasumiya. An rage zagayen zuwa wurare uku. Idan mota ta bi ta gefen katangar kurkukun, wani ya tambaya mene ne nan, direba yakan ƙara wuta, Baba ya nuna musu wani abu ta ɗaya tagar.

Wata safiya wata matashiya da goyo ta same shi a gada. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta rage murya. Mijinta malamin makaranta ne, kwana tara ke nan da aka tafi da shi daga aji. An ce mata tsohon kurkukun aka kai shi, kuma Baba ya san gidan.

Ya duba hagu, ya duba dama. Akwai wata mota a tsallaken titi, gilashinta a rufe, injin na aiki.

"'Yata, ki riƙa kallon ruwa kamar gadar nake miki bayani," ya ce, yana nuna ginshiƙan da sandarsa. "Abinci a kwanon roba za ki kai, ba sa karɓar na ƙarfe. Ki je kafin azahar. Kada ki yi kuka a ƙofa, kuka yana sa su taurin kai. In sun kore ki, ki zaga bayan katanga inda magudanar ruwa ta fito, ki kira sunan ɗanki da ƙarfi kamar ya ɓace miki. Ana ji daga ciki, mijinki zai san kin zo."

Ta yi godiya ta tafi ba ta waiwaya ba. Washegari mata uku suka zo. Ranar da ta biyo baya mutum bakwai, har da wani dattijo da ke neman 'yarsa. Matar Baba ta ɗinka wata 'yar jaka, ta sa riga biyu da maganin hawan jininsa, ta rataye ta a bayan ƙofa, ko da za a zo a tafi da shi. Kullum da safe yakan wuce ta gaban jakar ya fita gada, don mutane suna jiransa.