Notburga Haslbeck da Koriyar Wutsiyar Jirgi

Haihuwa da Karatu

An haifi Notburga Haslbeck ranar 9 ga Maris, 1925, a garin Regenstauf. Mahaifinta Korbinian kafinta ne mai yin kabad da akwatin gawa, mahaifiyarta Walburga kuwa ɗinki take yi. Ta yi makarantar garinsu daga 1931 zuwa 1939, inda malamai suka yi ittifaƙin cewa a lissafi sai addu'a, amma wajen tantance launi idonta ba ya kuskure.

Shekarun Yaƙi

Jirgin yaƙi samfurin Bf 109, wanda ya fara tashi a 1935, an yi ta ƙara masa ƙarfin inji shekara bayan shekara, har ya buƙaci doguwar wutsiya. A 1944, ana cikin yaƙin duniya, da alminiyam ya yi ƙaranci, hukuma ta umarci kafintoci su riƙa ƙera wutsiyar da katako, cikinsu har da Korbinian. Notburga ce mai fenti, tare da wasu mata biyu 'yan Folan da aka kawo aikin tilas, al'amarin da ta rayu tana jin kunyarsa. A watan Nuwamba fenti mai ruwan toka ya yanke, aka aiko musu da kore, ta shafa wa wutsiya fiye da ɗari biyu, aka kai su aka liƙa a jikin jirage masu ruwan toka.

Aure da Sana'a

A 1951 ta auri Emmeram Pichl, maƙerin ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki. A 1963 suka kafa 'yar masana'antar ƙananan jirage na roba, irin waɗanda ake saye gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi musu fenti. A 1971 suka fitar da Bf 109, Notburga ta rubuta a takardar umarni cewa jiki ruwan toka, wutsiya koriya.

Taƙaddamar Launi

Nan fa masana suka taso mata. A baje kolin wannan shekara a Nürnberg, shugaban wata ƙungiyar masu haɗa jirage, Dokta Ottmar Zirngibl, wanda yana goye aka gama yaƙin, ya ɗaga kwalin a bainar jama'a ya ce, “Uwargida, takardar ma'aikatar da ta ƙera jirgin ta ce ruwan toka. Ki koma kan yi wa yara fentin ƙwan bikin Ista.”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Dokta, takardar ce ta riƙe buroshin ko ni?”

Mujallar ƙungiyar ta kira ta mai ƙage, kantuna suka daina karɓar kayansu, ma'aikata tara suka koma biyu. Emmeram ya yi ta roƙonta ta sauya kalma ɗaya tak su huta, ta ce ba za ta ƙaryata hannunta ba. Ya rasu a 1984 suna kan wannan saɓani, abin da ya yi mata ciwo ƙwarai.

Bayyanar Gaskiya

A watan Satumba, 1989, masu nutso suka tsamo wani Bf 109 daga ƙasan wani tabki mai tsananin sanyi, laka ta adana fentinsa. Da aka wanke shi a gaban masana, Zirngibl na tsaye, sai ga jiki ruwan toka, wutsiya koriya shar. Mujallar ta buga ban haƙuri shafi guda cur, aka yi ta rububin kwalayen nan har daga Japan. Notburga ta ɗauki mujallar ta tafi maƙabarta, ta karanta wa Emmeram shafin da babbar murya, sau biyu, domin a cewarta tun yana raye ba ya jin magana a karon farko.

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2011, tana da shekara tamanin da biyar, aka binne ta kusa da mijinta bayan addu'a a cocin garinsu. Ta bar 'ya'ya uku: Hedwig, malamar jinya, Quirin, direban jirgin ƙasa, da autanta Severin, mai riƙe da masana'antar, wanda har yau bai sauya ko harafi ɗaya a takardar cikin kwalin ba.