Ashana a Tashar Ƙarƙashin Ƙasa

Shekarar da aka tura maigidana kwas ƙasar waje, ina zaune a gidansu a Tudun Kaya da goyon wata huɗu. Akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma ta Karaye, kwas ɗin kuma na wata tara ne. Da yake ni kaɗai ce mai karatun boko a gidan, ba ya rubuto wasiƙa. Kaset yake aikowa, masinja ya kawo mana a kan keke. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, surukina Baba ya zauna, ni kuma in durƙusa can gefe da rikoda, kaina a sunkuye.

A kaset na biyu ne muka ji muryarsa ta canza. Ta yi amo, tana tafiya tana dawowa. Bayan doguwar gaisuwa, har da tambayar shanu, sai ya ce yana magana ne daga tashar jirgin ƙasa, tashar kuma a ƙarƙashin ƙasa take. Wai a samansa manyan ma'aikatun gwamnati ne da majalisa da kotu, kullum da safe ma'aikata sukan fito daga ramin da jakunkunansu, da yamma su koma. Shi ma ta nan yake bi zuwa makaranta. Akwai wata matattakala mai tafiya da kanta, kana tsaye za ta kai ka ƙasa, inda fitilu ba sa mutuwa, ba a san rana ba, ba a san hadari ba.

Ni dai tun daga ranar tashar nan ta shiga raina. In na je ɗibar ruwa sai in tsaya ina leƙen rijiya, in ga kamar can ƙasa wata ƙofa za ta buɗe, haske ya fito. Da rana in na kwanta shayar da yarinya, kunnena a kan tabarma, sai in ji kamar jirgin yana wucewa ta ƙarƙashin gonar dawa, ya bi ta Rogo, ya karkato ya tsaya daidai ƙasan ɗakina. In ga mutane masu farar riga suna fitowa daga bayan rumbu, suna gaishe da kaji, maigidana kuma yana cikinsu yana neman inda zai ajiye jaka. Kewarsa nake yi sosai, kuma ba wanda zan gaya wa.

Baba kuwa wani abu daban ya ji. Shekara arba'in yana haƙar rijiya, daga Karaye har Rogo Ruma da wuya ka sha ruwan da bai san zurfinsa ba. Ya sa na mayar da kaset ɗin baya sau uku, idonsa a rufe.

"Wannan muryar ta kai zurfin gaba goma sha biyar," in ji shi. "Wa ya gwada musu iskar wurin?"

Duk gidan an san ƙanin Baba a cikin rijiya ya rasu, ba ruwa ne ya ci shi ba, mugunyar iska ce. Tun daga nan Baba ba ya barin kowa ya sauka sai an zura fitila da igiya. In wutar ta tsaya, a shiga. In ta mutu, a tsaya a sama a jira.

Ya ce in danna jan maɓallin ɗaukar murya. Ya gaya wa ɗansa ya sauka har ƙasan tashar ya kunna wuta. In ta mutu, ya tattara kayansa ya dawo gida, karatun ya ƙare. Na san maigidana, ba zai yi wa Baba ƙarya ba, ba kuma zai tsallake maganarsa ba. Kwas ɗin nan kuwa shekara shida yana jiran sa. Allah Ya yafe mini, rabin zuciyata fata take wutar ta mutu.

Sai da aka yi sati biyar amsa ta zo. Muka ji takunsa, muka ji amon nan. Ya ce a hankali, "Baba, an hana kunna wuta a nan, amma ga ashana, na ɓuya bayan ginshiƙi." Muka ji ƙyas. Sai gunjin jirgi ya taso daga nesa, ya cika rikodar har tana rawa. Da ya lafa, ya ce, muryarsa a sanyaye, "Baba, ta mutu."

Surukata ta fara salati. Ni kuwa na rasa farin ciki nake ko baƙin ciki.

"Mayar da shi baya, 'yar nan," in ji Baba.

Ya ɗauki rikodar da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya kara a kunne. Kafin gunjin akwai wani huci siriri, da ƙarar takarda tana kaɗawa. Ya saurara sau biyu, sannan ya yi dariya.

"Hure ta aka yi. Ba ku ji ba? Mugunyar iska ba ta motsi, wuta a cikinta ƙanƙancewa take ta mutu shiru. Wannan ramin numfashi yake yi. Wanda ya haƙa shi ya san aikinsa."

Na danna jan maɓallin, ya ce wa ɗansa ya zauna ya gama karatunsa, ya sa masa albarka. Sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Akwai sauran wuri a kaset ɗin." Ya kira surukata suka shige ciki.

Aka bar ni da rikoda tana juyawa. Wata huɗu ne suka rage, kuma yanzu sun tabbata. Na buɗe baki, kunya ta riƙe ni, hawaye suka zo. Ban ce komai ba har maɓallin ya ɗago da kansa.

Bayan maigidana ya dawo ne ya gaya mini wannan ɓangaren ya fi saurare. Kullum in jirgi ya shiga duhu sai ya kunna shi, ya ji ana daka a maƙwabta, ya ji yarinya tana tsotso, ya ji ni ina jan hanci. Ya ce sau biyu yana wuce tasharsa.