Tiribin Mai Koren Fenti

"Rantse! Ga Alƙur'ani can bisa taga, rantse ba ka sani ba!"

Nuriya ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Bango ɗaya ne tsakanin tsakar gida da zauren kawunta, kuma tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin Kawu Zahradeen ya ɗaga murya ba sai a bakin filin ƙwallo.

"Haba Zaharu, sassauta," in ji Alhaji Yahaya, amininsa. "Yarinya ta zo da akwati mai kukan gyare, shi ke nan sai ka zubar da shekara arba'in?"

Yarinyar ita ce. Akwatin kuwa na'urar auna tururin yuraniyom ce da ta aro daga jami'a a Yamai, don ta nuna wa kawunta abin da take karantawa.

Zahradeen ɗan manomin rake ne daga Bengu. Yana da shekara ashirin ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya nufi arewa, ya yi shekara ashirin da biyu yana walda a wata mahaƙar yuraniyom. Ya dawo Gaya da kunne ɗaya da ya daina ji, da tarin bututun ƙarfe, da labari guda wanda duk unguwa ta haddace. Wani injiniya ne ya ba su shi: a shekarar 1942, a birnin Shikago, masana suka shiga ƙarƙashin tiribin ɗin filin wasa na wata jami'a, wato wurin zaman 'yan kallo, suka jera baƙaƙen tubala da yuraniyom, suka tada wutar atam karon farko a duniya.

"A filin wasa fa!" yakan ce, yana dukan cinya. "Mutanen gari na ta cin kasuwarsu, ba wanda ya gaya musu!" Sai ya ƙyalƙyale da dariya.

Labarin nan ne ya sa ya ce shi ma sai unguwarsu ta yi tiribin. Bututun tsaraba ce daga Yahaya, wanda a lokacin shi ke riƙe da mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan kamfanin. Ranar sallama ya loda masa su a mota, an shafe su da koren fenti sabo fil. Wata uku Zahradeen ya yi yana walda a rana, ya tada hawa biyar a gefen filin da ke bayan tashar kamiyo. Ba wanda ya biya shi. Duk Lahadi shi ke fara zuwa, ya goge ƙarfen da tsumma, ya zauna can sama yana gatsar muruci, yana zagin alƙalin wasa da Hausa, in ta ƙare masa ya koma Dandanci, yaren mutanen yankin. Tiribin ɗin Zahradeen, haka kowa ke cewa, har masu kabu-kabu da shi suke kwatance. A hawa na uku Nuriya ta fara jin labarin Shikago, kuma daga nan ta ɗauki hanyar karatun kimiyya.

Jiya da safe ta kai shi filin don raha. Ta kunna na'urar a bakin raga, ta yi ƙyas, ƙyas, jifa-jifa. Da ta kanga ta a jikin bututun, sai ta ɓarke kamar an zuba gero a kasko. Nuriya ta kankare fentin da mabuɗi. A ƙasansa akwai rawaya, da tambari mai fukafukai uku irin na fanka. Ba ta yi bayani ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a mahaƙa ya fi ta sanin tambarin: alamar haɗarin tururin yuraniyom ce.

"Kawu, ba zan ce ya cuci wane ko wance ba," ta ce masa. "Amma bai kamata a ƙara zama a kai ba."

Yanzu ga muryar Yahaya ta bayan bango, ta yi laushi kamar ta mai rarrashin amarya.

"Saurara mutumina. Cewa aka yi in binne bututun nan, na sa hannu a takarda cewa an binne, sai aiki ya sha kaina. Kwatsam aka ce masu bincike na tafe. Motar kayanka ce kaɗai za ta fita ranar. Me kake so in yi?"

"Ka gaya mini."

"Da ka ɗauka?"

Yahaya ya ɗora da kansa:

"To ka gani. Yanzu ga shawara. Gobe ka ce tsatsa ta ci shi. A yanka, in kawo kamiyona, a haye gadar kan iyaka da shi, 'yan gwangwan su saya. Sunanka na nan, nawa na nan. Mutanen da ke ce maka sannu Baba, in sun ji, jifar ka za su yi."

Nuriya ta san bai yi ƙarya ba a nan. Ta kuma san abin da ke cin kawunta bai tsaya ga Yahaya ba. Jiya a hanyar gida ya faɗa mata, ba tare da ya dube ta ba, cewa tun ranar lodi ya yi mamakin wanda zai ɓata sabon fenti a kan tsohon bututu. Tambayar ta zo masa har baki, ya haɗiye. Ba a bincikar tsaraba a gaban mai ita, kuma shi yana son ya shigo Gaya da abin da za a gani.

"Yahaya," muryar Zahradeen ta sauka ƙasa, har sai da Nuriya ta matsa jikin bango. "Kujerar nan taka."

"Wace kujera?"

"Ta roba, wadda kake ɗaurowa a bayan babur duk Lahadi. Ka ce ciwon baya."

"Ai kowa ya san bayana..."

"Ranar da jikanka Bilal ya hau wurina, ka fizgo shi har ya yi kuka. Ka ce tsoron faɗuwa kake. Ɗiyar ƙanwata kuwa ka gan ta bisa cinyata a hawa na uku, ka ɗago hannu ka gaishe mu. Shekara ashirin ba ka taɓa aza gindinka a ƙarfen nan ba. Ni kuwa har jin kunyarka nake, ina cewa ban yi shi da wurin jingina ba."

Nuriya ta ji an ja takalmi, ta ji babur ya ƙi tashi sau biyu, sannan ya tafi.

Ta jima kafin ta zagaya. Ta tarar da kawunta a ƙofar zaure ya sa hula, guduma a hannu ɗaya, wuƙar kankare fenti a ɗayan. An fito sallar la'asar, kuma yau Lahadi. Daga nan ma ana jin usur.

"Kawu, fili ya cika. Ka bari su watse, mu je mu biyu."

Ya juyo mata da kunnen da ke ji, ta sake faɗa. Ya girgiza kai.

"Shekara ashirin ina dariyar mutanen Shikago don ba a gaya musu ba. Ɗauko akwatin naki, Nuriya. Waɗannan da bakina za su ji, suna zaune a kai."