Talatar da na kai Mma bakin teku

Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma mai shagon atamfa a kasuwar Makola ta Accra, amma shekarar da ƙanena ya yi aure matarsa ta ƙwace mini uwa da kuɗin torotoro kawai, motar hayar talakawa.

Yarinyar ba ta da komai, ɗinki take koyo a Kawukudi. Ni kuwa duk Sallah sai na ɗauko tasi na kai Mma babban kanti mai sanyi, ta ci kaza, in saya mata leshi. Ta ce Allah ya yi albarka, mu dawo gida Nima ta kwanta tana ƙorafin gwiwa. Amma ran Lahadi da surukar nan ta leƙo ta ce, "Mma, mu je shan iska," sai gwiwa ta warke.

Duk inda ba a biyan kuɗin ƙofa, nan suke zuwa. Su tsaya gindin hasumiyar Jamestown suna kallon kwale-kwale, su raba dokunu ɗaya, tuwon masaran nan mai tsami, da soyayyen kifi, su sha ruwan kwakwa. Wata rana a Chorkor har suka kama igiyar taru tare da masunta, domin a can duk wanda ya taya ja ana ba shi ɗan rabonsa. Mma ta dawo da ƙananan kifaye a leda, yashi cike da silifa, ta bi gidan haya ɗaki ɗaki tana nunawa. "Ɗiyana ya kai ni," in ji ta, da Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji. Ɗiyarta! Ina tsaye a wurin da leshina a jikinta. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba don kishi.

Sai na ce ai teku ba gadon gidansu ba ne. Na rufe shago ran Talata, da yake ciniki ba ya yawa, na ce, "Mma, shirya, yau ni zan kai ki jan taru." Ta dube ni ɗan jim, ta ɗauki mayafi.

Muka sauka Chorkor muka tarar da bakin ruwa shiru. Jirage duk a kan yashi, maza zaune a inuwa suna ɗinke raga. Na tambayi wani tsoho yaushe za a jawo taru. Ya yi dariya har da tari, ya ce masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ran Talata, tun kakanni ranar hutun ruwa ce. A Accra aka yanke cibiyata, amma mu 'yan Zango mun ba teku baya, sai ga baƙuwar jiya ta fi ni sanin garina.

"Mma, kin san haka?"

"Na sani mana. Ɗiyana ya gaya mini tuntuni."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, kina fasawa kraa. Yaushe rabon ki ce mu fita, ba Sallah ba?"

Muka zauna a gefen wani jirgi, ta tuɓe silifa, ta nuna mini inda ake tsayawa in taru ya matso. Ta riƙe hannuna muka taka har ruwa ya taɓa mana idon sawu. Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina yau dai Mma tawa ce ni kaɗai.

Da za mu tafi ta ja ni wurin masu banda, ta juya wannan, ta shinshina wancan, ta zaɓi kifi mafi girma. Na ɗauka na miyarmu ne, na biya da murna.

"Riƙe shi da kyau," ta ce da muka shiga torotoro. "Na ɗiyana ne. Yau bai samu fita ba."

A cinyata na riƙe shi har Nima, mai yana ɗiga a kan atamfata.