Tantabarar da Inna Ta 'Yanta

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta da ranar da Inna, mahaifiyata, ta tashi yin sadaka da tantabaru.

Ta sha doguwar jinya a shekarar. Da ta samu sauƙi sai ta ce ita ma an kwance ta, don haka dole ta kwance wani mai rai. Na goya ta a babur daga Daura zuwa wata kasuwar ƙauye a hanyar Zango, muka nufi layin 'yan tsuntsaye. Wari ne ya fara yi mana maraba. An cusa tantabaru a kejin waya, wata kan wata, cikin tsakar rana, bakinsu a buɗe. Gwangwanin ruwansu kuwa ya bushe har ya yi ƙura. Shi mai kayan yana inuwa, yana fifita da mafici.

"Malam, waɗannan ba sa shan ruwa ne?" Inna ta tambaye shi.

"Suna sha mana, Hajiya, in sun je gidan mai rabo."

Da ya ji sakin su za ta yi, sai fuskarsa ta washe. Ya yi ta sa mata albarka, ya ce irinta sun yi ƙaranci a duniya, har da kansa ya zaɓo mata. Ni kuma, gwanin ganin mutanen kirki, na ce a raina ga bawan Allah mai son lada.

A cikinsu akwai wata fara da waya ta yanke wa ƙafa. Inna ta yago bakin ɗankwalinta ja, ta ɗaure mata ciwon, ta ba ta ruwa a tafin hannu. Muka fita bayan kasuwa ta sake su. Suka yi sama, suka kewaya, suka miƙe gabas gaba ɗayansu kamar an aike su. Inna har da hawaye. Duk hanya zancen farar take yi, wai yanzu tana can kan wata tsamiya tana shan iska.

Da kasuwa ta zagayo ta ce mu koma, akwai saura. Mutumin na hango mu ya miƙe.

"Hajiya mai sadaka! An dawo?"

Inna ta wuce shi. Keji take kallo. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙafafun 'yan'uwanta, ga farar a kwance ta sandare, jan ƙyallen yana nan a ƙafarta.

"Wannan ba tawa ba ce?"

Ko kunya bai ji ba. "Ai tantabara gida ta sani, Hajiya. Ranar ma sun riga ni isa. Wannan dai zafi ne ta kasa jurewa."

Inna ta sa hannu ta ciro ta, ta kwance ƙyallen a hankali. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, amma ita ko ɗaga murya ba ta yi ba. Sai da muka hau babur ta ce, "Ɗan nan, ashe rakiya na yi mata."

Tun daga ranar na gane cewa tausayin da bai tsaya ya tambayi ina abin zai kwana ba, mai keji yake yi wa aiki.