Ranar da Kawu Sidi Ya Kafe a Odinata

Ku da kuka saba shiga biron Kawu Sidi, wato ofishinsa a magazar da Alhaji Mutari ke sayar da kaya, kun san ba a samun faktir, takardar kuɗin kaya, a hannunsa sai an ci jarrabawa. Yana amsa sallama zai zame tabarau ya ce, "Yau nawa ga wata?" In ka yi inda-inda, sai ka fita ka tambayo. Wani madugun gishiri daga garin Fashi ya taɓa ce masa, "Malam, kwana ashirin ina bin raƙumi, ina zan sani?" Kawu ya ce, "To shigo da raƙumin, ko shi ya riƙe."

Ni ƴar ƙanwarsa ce, shi ya jawo ni aikin lissafi a wurin. Ina nan aka kawo mana odinata, wato kwamfuta, da wani ɗan gayu daga Yamai da zai koya mana.

"Tonton, ka huta," in ji ɗan gayun, yana kiran Kawu da Faransanci. "Shi ke saka date du jour, kwanan watan yau, da kansa."

"Wa ya gaya masa?"

"Akwai agogo a ciki."

"Agogon ya ga an sauke kaya? Nuna min inda ake hana shi shisshigi."

Aka nuna masa. Sai ya kafe wata rana guda ta watan Afrilu. Duk faktir da ka buɗe, da ranar nan za ta fito, sai ka goge ka sa ta gaskiya. In shekara ta juya, shekarar kawai yake canzawa. Kuma kafin ya goge, sai ya ɗan tsaya yana motsa leɓe. Mu dai mun yanke cewa na'urar yake zagi.

Ga shi bai yarda da ita ba ko kaɗan. Duk abin da ya shigar, sai ya sake rubutawa a kaye, littafinsa na lissafi, da wani guntun fensir da ya ɗaura wa kara don ya samu mariƙi. Na sayo masa sabon alƙalamin bik, ya ce, "Wannan bai mutu ba za ki yi masa magaji?"

Sai ga lokacin sanyi ƙafa ta kwantar da shi kwana goma. Ko a kwancen sai da na riƙa kai masa takardun yini yana kwafewa a kaye da ranar gaskiya. Ni kuwa na samu sake, ina ta buga faktir kamar mai tuya, ban goge ranar ba ko sau ɗaya. Da mai binciken haraji ya zo, ya duba, ya sake dubawa.

"Madam, lemun garin Timiya, da sai da sanyi ake samu, a tsakiyar Afrilu? Wace gona ce wannan, mu ma mu je? Kuma mota tara kuka sauke rana ɗaya?"

Wayyo! Mutumin ya fara zancen cin mu tara, Alhaji kuwa ya ce in an ci shi ko dala, ni da kawuna mu nemi wani wurin. Kayen nan da muke yi wa dariya shi ya fid da mu. Kwana uku muna gyara, Kawu na karantowa ina bugawa, yana ƙarawa da, "Hannunki ne ya yi barci, Rakiya."

Da ƙura ta lafa Alhaji ya ce, "To Sidi, yanzu a cire ranar nan."

Kawu ya zaro makullai ya aje a tebur. "Ga kayanka. Rana dai tana nan."

Shekara talatin suna tare, wa zai karɓa? Alhaji ya tura masa makullan yana tsaki. Ni kam na ji haushi ƙwarai. Na ce, "Kawu, taurin kanka zai raba ni da abincina." Ya kwashi makullansa ya koma biro.

Bara ya rasu. Bayan sadakar arba'in Alhaji ya ce, "Rakiya, yanzu sai ki gyara mana abin nan." Na koma gida ina ba Inna, ƙanwar tasa, labari ina dariya. Ta ce wace rana ce wai? Na faɗa mata. Ta aje tsintsiyar hannunta.

"Ranar da Tamu ta rasu ke nan."

Tamu matarsa ce. Ina goye a bayan Inna ta rasu wajen haihuwa, ita da ɗan, kuma bai sake aure ba. Ashe leɓen nan ba zagi yake ba. Faktir arba'in a yini, addu'a arba'in. Na yi kuka ranar, har da na kunyar maganar da na yaɓa masa.

Da safe na shiga wurin Alhaji, na aje makullai a tebur. Ya dube su, ya dube ni.

"Ke ma?"

"Ni ma, Alhaji."

Ya turo min su, wannan karon ba tsaki.

Ranar tana nan. In ta fito sai in tsaya, sunaye biyu nake ambata yanzu, sannan in goge. Allah ya jiƙan Kawu Sidi, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Tamunsa a inda ba a tambayar nawa ga wata. Amin.