Shekarar da Ɗari Bai Zauna Ba

Garinmu yana bakin gulbi, tsakanin Isa da Kamarawa. Tun ina yaro na san tafiyar shekara a jikina. Bayan girbin gero akan yi wani ɗan zafi mai gumi, sannan ɗari ya sauko, ruwan randa ya riƙa kama haƙori da asuba, tsofaffi su yi ta jin wuta a zaure har hantsi. A cikin wannan sanyi alkama da albasar fadama suke yin kyau. Bazara kan jira a kwashe su kafin ta taso.

A shekarar da nake magana, ɗari leƙowa kawai ya yi. Baba bai ko sauke bargonsa daga kan igiya ba. Man shanun da Inna take ajiyewa a kwano, wanda ya saba daskarewa, yana nan a narke. Mu dai daɗi muka ji, muna alwala ba sai an ɗumama ruwa ba. Baba ne kaɗai ya ƙi sakin fuska. Wata safiya muna fadama, ni da shi da yayana, ya murje zangarniyar alkama a tafin hannu ya hure. Ƙaiƙayi ya tashi, 'yan ƙwayoyi a motse suka rage.

"Ba ta sha sanyi ba," in ji Baba. "Zahin bana da wuri za shi zo, kuma ba shi kaɗai za shi zo ba."

Yayana ya yi dariya, ya saɓa injin ban ruwa a kafaɗa ya yi gaba. Duk gidanmu babu mai ƙarfinsa.

Ba a daɗe ba wani Bafulatani, abokin Baba tun ƙuruciya, ya zo sallama. Ya ce tafkin da suke shayarwa ya koma laka. "Za ni gusawa da shanu tun suna iya tahiya," ya ce, ya ƙi ko zama a kan tabarma.

Sai zafin ya sauka. A da, idan bazara ta yi, gari duka a waje yake kwana, maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida. Amma a waɗannan shekaru 'yan bindiga sun hana. Danginmu na wajen Tozai sun baro ƙauyensu sun cika mana gida, kuma da an yi isha'i kowa sai ya shige ɗaki a sa sakata. Rufin kwano ne. Bango yakan kwana da zafinsa, da safe mu fito kamar an dafa mu.

'Yar maƙwabcinmu ce ta fara. Ta kwanta da ciwon kai, kafin a kai ta ko'ina ta rasu. Sai wani tsoho a bayan masallaci. Mutane suna gaisuwar mutuwa, ba mai son kiran sunan cutar.

Wata azahar yayana ya dawo daga fadama, ya ce haske yana sukar idonsa. Inna ta jiƙa zane ta ɗora masa a ka. Washegari Baba ya durƙusa kusa da shi.

"Sunkuyar da kanka, haɓa ta taɓa ƙirji."

Ya gwada. Wuyan ya ƙi.

Baba ya dube ni. "Sanƙarau na. Nemo mai babur."

Da rana tsaka muka kama hanyar Isa, domin ana cewa a lokacin su ma mutanen daji suna kwance a inuwa. Muka sa shi a tsakiya, ni a baya na rungume shi. Rana tana dukan bayana, amma zafin jikinsa a ƙirjina ya fi. Ba mu haɗu da kowa ba, ko akuya. Mai babur bai tsaya ba har muka ga rufin gari.

Asibiti ya cika. A ƙarƙashin bishiyar dogon yaro aka shimfiɗa masa tabarma, aka rataye ledar ƙarin ruwa a reshe, kamar sauran. Ma'aikatan suna ta kai da kawowa, rigunansu sun jiƙe da gumi. Wanda ke kwance kusa da mu bai tashi ba. Yayana ya tashi. Ranar da ya buɗe ido na kira shi, na sake kira da ƙarfi, yana kallon bakina kawai.

Damina ta makara. Ranar da hadarin farko ya haɗo, aradu ta faɗi har yara suka ruga ɗaki, yayana kuwa yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗaga kai ba sai da ɗigon ruwa ya taɓa hannunsa.

Ƙarfinsa ya dawo, jinsa bai dawo ba. Yanzu ba a barinsa ya je gona shi kaɗai, domin idan babura suka taso daga daji ba zai sani ba. Ni nake bin sa. Yana noma a gaba, ni ina baya, kunnena yana wajen hanya.